Romon tsoma tempura: yadda ake haɗa shi a gida, da maganar mirin

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Na ci tempura a wani gidan abinci na Japanawa lokacin da muka yi tafiya, aka kawo shi da wani romo ja-ja mai ɗumi a ɗan kwano. Da na dawo gida na gwada. Suyar ta yi kyau, amma romon ya ƙi. Na sirka soya sos da ruwa na sa sukari, ba abin da nake ji sai gishiri. Na kuma ga ana cewa a sa mirin, sai aka ce min akwai giya a ciki. Don Allah yaya ake haɗa shi, kuma me zan sa a madadin mirin ɗin?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sunan wannan romo tentsuyu, shi ake tsoma tempura a ciki, wato kifi ko kayan lambu da aka soya cikin ƙullin fulawa, kuma tun daga bayaninki na gane inda aka samu tangarɗa. Kin ɗauki soya sos a matsayin uwar romon, kika nemi ki rage mata ƙarfi da ruwa. Su Japanawa daga wani wurin suke farawa. Uwar romon a wurinsu ita ce dashi, wani tsararren romo na ganyen teku da busasshen kifi, sai a ɗiga masa soya sos don gishiri da launi, a ɗiga mirin, wani ruwan girki da ake yi da shinkafa, don zaƙi. Abin da harshenki ya riƙe daga waccan tafiya, wannan ɗanɗanon da ke zama a baki bayan an haɗiye, na dashi ne. Ruwan famfo ba shi da abin da zai ba ki a gurbinsa, ko nawa kika zuba sukari.

Awon da aka fi amfani da shi a gidajen Japan shi ne 4 da 1 da 1: dashi kashi 4, soya sos kashi 1, mirin kashi 1. Kofin awon Japanawa mililita 200 ne, don haka kofi ɗaya na dashi yana ɗaukar mililita 50 na soya sos da 50 na mirin, kuma wannan zai ishi mutum huɗu. Mai son romo mai kauri a baki yakan yi 3 da 1 da 1, mai son sassauƙa ya yi 5 da 1 da 1. Duk wanda kika bi, dubi yadda dashi ya fi rabin abin da ke cikin kwanon. Shi ya sa a kansa zan fi daɗewa.

Abu biyu ake dafawa. Na farko kombu, wani faffaɗan ganye da ke tsirowa a ƙarƙashin teku mai sanyi, kusan dukkan na Japan daga gaɓar tsibirin Hokkaido yake fitowa. Ana shanya shi ya bushe ya yi tauri, baƙi-baƙi kamar busasshiyar fata. Idan kin buɗe leda za ki ga wani farin gari-gari a jikinsa. Kada ki wanke shi, ba fumfuna ba ce, wani zaƙi ne na ganyen da ya fito waje lokacin shanya. Ki sa tsumma mai ɗan laima ki share ƙura kawai. Na biyu katsuobushi, wato kifin katsuo, ɗan'uwan tuna, wanda ake dafawa a cire ƙaya, a yi ta banda shi da hayaƙin itace ana hutar da shi ana maimaitawa har kusan wata guda, sai ya koma kamar guntun katako. Mafi tsada ma sai an shafa masa wata fumfuna ta musamman an yi ta shanyawa na watanni. Garuruwan Makurazaki da Yaizu sun yi suna a wannan sana'a. A kanti za ki same shi a fere, siriri-siriri kamar ɓawon da masassaƙi ke karkarewa daga katako, launinsa ruwan hoda mai haske. In kin ga ya koma ruwan ƙasa mai duhu ya kwanta a leda, ya tsufa, ƙamshin ya tafi.

Ga rabin lita na ruwa, ki sa kombu giram 5, wato yanki kamar tafin hannun yaro, da katsuobushi giram 10, cikin hannu ɗaya mai kyau. Ki jiƙa kombu a ruwan sanyi na minti 30, ya buɗe ya yi laushi. Ki ɗora a wuta ƙasa-ƙasa. A nan ake son ki tsaya a kan tukunya. Tsohon kukun da na koyi aikin nan a hannunsa ba ya barin mai koyo ya juya baya a wannan gaɓar. Yakan nuna gefen tukunya da tsinken cin abinci, daidai inda 'yan ƙananan kumfa ke fara jeruwa kamar ƙwayar gero, ruwan na rawa amma bai tafasa ba, ya ce a cire. In kombu ya tafasa yakan saki yauƙi da wani ɗaci-ɗaci, romon ya gurɓace. Masu manyan gidajen abinci a Kyoto sukan riƙe ruwan a digiri 60 har awa guda don su tatse ganyen sosai, amma a gida jiƙon minti 30 da ɗumamawa a hankali sun wadatar.

Da kin cire kombu sai ki ƙara wuta, ruwan ya tafaso sau ɗaya, ki kashe. Ki watsa katsuobushi gaba ɗaya. Za ki ga feren yana motsi a saman tururi kamar mai rai, sannan ya jiƙe ya fara nutsewa. Kada ki juya. Ki ba shi minti ɗaya zuwa biyu, ki tace da rariya da kika shimfiɗa wa farin ƙyalle mai tsabta. Kuma don Allah kada ki matse. Na san hannu ba ya son barin abu a rariya, amma abin da matsa ke fitarwa ƙarni ne da bauri. Romon da ya sauka da kansa zai fito garau, launin shayi marar ƙarfi, yana ƙamshin hayaƙi sama-sama. In kika ɗanɗana za ki ce kamar ba komai a ciki. Ki ɗiga gishiri kaɗan a cokali ki sake ɗanɗanawa, a nan za ki ji ya farka.

Ruwa ma yana da nasa hannu. Ruwan Japan mai laushi ne, kuma kombu ba ya sakin ɗanɗanonsa yadda ya kamata a ruwa mai nauyi. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse yana da zartsi, ko yana barin farin ɓawo a gindin buta, ki yi dashi da ruwan roba.

Dalilin haɗa ganye da kifi ya kamata ki san shi, don shi zai ba ki mafita ranar da kika rasa su. A 1908 wani malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano cewa daɗin romon kombu daga sinadarin gulutamet yake, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami. A 1909 aka fara sayar da sinadarin da sunan Ajinomoto. Wato farin magin nan da ke kan teburin kowane mai kayan miya a kasuwanninmu, daga tukunyar dashi ya fito. A 1913 ɗalibinsa Shintaro Kodama ya gano cewa katsuobushi na ɗauke da wani sinadarin daban, inosinet. Daga baya, a shekarun 1950, Akira Kuninaka ya nuna cewa idan waɗannan biyun suka haɗu a kan harshe, ƙarfin ɗanɗanon yakan ninka sau da yawa fiye da a ce an tara na wannan da na wancan. Mu ma mun san abin a aikace, ko ba mu san sunansa ba: miyar da ta samu daddawa da busasshen kifi tare ta fi wadda ta samu ɗaya kawai.

To idan babu kombu da katsuobushi a garinku fa? Mafi sauƙi shi ne garin dashi na leda, irin Hondashi, wanda manyan kantunan kayan ƙasashen Asiya ke kawowa. Rabin ƙaramin cokali ya ishi kofi ɗaya na ruwan zafi. Akwai gishiri da sukari a cikinsa, don haka ki ɗan rage soya sos. Miliyoyin gidaje a Japan da shi suke girki kullum, ba abin kunya ba ne. In shi ma babu, ki bi hanyar niboshi, wato dashin ƙananan busassun kifi, wanda shi ma tsohon girki ne a can. Ki samu 'yan ƙananan busassun kifi masu tsabta, waɗanda ba su yi warin tsohon mai ba, kamar giram 15 ga rabin lita. Ki cire kai, ki tsaga ki cire baƙin cikin, don a nan ɗaci yake. Ki kakkaɓe yashi, ki ɗan gasa su a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, ki jiƙa minti 30, ki dafa a ƙaramar wuta minti 5 zuwa 8 kina kwashe kumfa, ki tace. Kifin ya ba ki rabin aikin. Sauran rabin, na kombu, ɗan abin da yatsa biyu za su tsinko na farin magi zai cike shi, tunda sinadarin ɗaya ne.

Abin da ba na so ki yi shi ne ki ɗauko bandar tarwaɗa. Na gwada, kuma na gane dalilin da ya sa masu yin katsuobushi ke zaɓar kifi marar kitse. Tarwaɗa mai maiƙo ce, hayaƙinta mai nauyi, romon yakan fito da mai yana yawo a sama, kuma romon da aka yi don ya yanke maiƙon suya bai kamata ya zo da nasa maiƙon ba. Haka magi mai dunƙule: albasa da kayan ƙamshin da ke cikinsa za su kai romon wata ƙasa daban. In kuma da wanda ba ya cin kifi a gidan, ki jiƙa busasshen naman kaza na shiitake guda uku a ruwan sanyi ya kwana a firji. Da shi da kombu ake yin dashi a gidajen ibadar mabiya Buda, inda ba a cin nama ko kifi.

Yanzu maganar mirin, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki saya. Abin da aka gaya miki gaskiya ne. Mirin na asali, wanda ake rubuta wa hon-mirin, ana yin sa da shinkafa mai danƙo da koji, wata fumfuna ta musamman da ake renawa a kan shinkafa, da barasa, a bar su su nuna na watanni. Barasar da ke cikinsa ta kai kusan kashi 14 cikin 100, daidai da giyar inabi, kuma a dokar Japan cikin kayan barasa ake lissafa shi. A da can ma shan sa ake yi. Akwai wani da ake kira mirin-fu, kwaikwayon mirin ke nan da aka yi da ruwan sukari, nasa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma galibi ba sifili ba ne. Romon kwalba da aka riga aka haɗa, mai suna mentsuyu ko tentsuyu, shi ma yawanci da mirin ko barasa a jerin kayansa.

Za ki ji ana cewa ai da an tafasa barasar ta gudu. Masu girkin Japan suna tafasa mirin kafin su yi amfani da shi, suna kiran aikin nikiri, kuma yana rage barasar ƙwarai. Sai dai ragewa daban, ƙarewa daban. Jadawalin Ma'aikatar Noma ta Amurka ya nuna cewa abincin da aka zuba wa barasa aka dafa minti 15 yana riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na barasar, kuma ko bayan awa biyu da rabi akwai ragowar kashi 5. Tentsuyu kuwa tafasa ɗaya ake yi masa. Don haka ba zan ce miki wuta ta wanke shi ba. Ni ba na sa mirin a girkin gidana, kuma ba na ba Musulmi shawarar ya sa.

Me ake rasawa in an bar shi? Mirin kusan rabinsa sukari ne, amma sukari iri-iri da koji ya fitar daga shinkafa, shi ya sa zaƙinsa ke zuwa a hankali, ba ya dukan harshe. Yana kuma ba abinci sheƙi. A gasasshen kifi ko naman teriyaki, inda sheƙin ke da muhimmanci, rashinsa yana bayyana. A romon tsomawa kuwa, inda dashi ya rinjaye, asarar ƙanƙanuwa ce. Ƙa'idar musanya ita ce: duk babban cokali ɗaya na mirin, ƙaramin cokali ɗaya na sukari, sai a cike gurbin ruwan da ƙarin dashi. Ga yadda nake yi wa mutum huɗu: dashi mililita 250, soya sos mililita 50, wato manyan cokula uku da ƙarami ɗaya, sukari babban cokali ɗaya. In ina son zaƙin ya yi taushi, nakan rage sukarin kaɗan in cike da rabin ƙaramin cokali na zuma mai haske. Zuma mai duhu mai ƙamshin hayaƙi takan danne dashi. Wasu na cewa a ƙara ruwan khal ko lemon tsami don a kwaikwayi mirin. Ban yarda da wannan ba, mirin ba abu ne mai tsami ba. In kuma kin ci karo da mirin mai tambarin halal, ana yin sa yanzu saboda kasuwar Malesiya da Indunusiya, ki bi awon 4 da 1 da 1 kai tsaye.

Gaskiya ta sa in ƙara miki da wannan. Soya sos ɗin Japan, shoyu, da waken soya da alkama da gishiri ake yin ta, a bar su su ruɓa na watanni, kuma a cikin ruɓar barasa kaɗan na samuwa da kanta, wajen kashi 2 cikin 100. Wasu kamfanonin ma suna ƙara kaɗan don kada ta lalace. Hukuncin irin wannan na malamai ne, aikina in gaya miki abin da ke cikin kwalba. Mafi kwanciyar hankali shi ne ki juya kwalbar ki nemi tambarin halal, akwai su da yawa a kasuwa.

Wajen zaɓe, koikuchi kike nema, ita ce shoyu ta yau da kullum, kusan kashi 80 cikin 100 na abin da Japan ke yi, irin ta garuruwan Noda da Choshi inda kamfanonin Kikkoman da Yamasa suke. Akwai usukuchi ta yankin Kyoto da Osaka, launinta ya fi haske amma gishirinta ya fi yawa, kada hasken ya ruɗe ki. In ta China ce a kantinku, ki ɗauki mai ruwa-ruwa mai haske. Baƙar mai kauri an sa mata ƙonannen sukari don rina abinci, za ta mai da romon baƙi ƙirin da ɗaci. Mai zaƙin nan ta Indunusiya, kecap manis, ita ma ba wurinta ba ne.

Haɗawar ba ta kai minti biyar ba. Ki zuba dashi da sukari a ƙaramar tukunya, ki ɗumama har sukarin ya narke, sannan ki zuba shoyu. Da ya fara motsi zai tafaso, ki sauke. Shoyu ba ta son ɓararraka, ƙamshinta ke tashi ya bar miki gishiri zalla. Akwai wata dabara da ake kira oigatsuo: da kin kashe wuta ki ƙara ɗan katsuobushi, abin da yatsu uku za su ɗauka, ki bari minti ɗaya ki tace. In da garin leda kika yi dashi, wannan ƙarin shi ke sa romon ya yi kamar na gidan abinci. Da kika ɗanɗana za ki ji gishirinsa ya fi na miyar sha, wajen ninki uku. Haka ake so. Ba kurɓa za a yi ba, kuma abin da za a ƙara masa a tebur zai sassauta shi.

Wannan abin shi ne daikon, dogon farin radish na Japan, wata saiwa mai ɗan yaji mai siffar karas, mai kaurin damtse. Wataƙila kin ga ɗan farin tudu a gefen farantinki a can, kamar gogaggen rogo. Ana goga shi a magogi mai ƙananan haƙora, a ɗan tsane ruwan da yatsu ba tare da an matse shi ƙarƙaf ba, a ɗora gogaggiyar ɗanyar citta kaɗan a kansa. Kowa ya zuba a kwanonsa. Aikinsa biyu: yajinsa mai sanyi yana yanke maiƙo don suya kada ta ginshi mai ci, kuma gogaggen naman yana maƙale wa jikin tempura ya ɗauko romo tare da shi. Ɓangaren da ke kusa da ganye ya fi zaƙi, na wajen jela ya fi yaji. Ki goga shi dab da za a ci, don yajin a lokacin gugar yake samuwa, kuma ba ya daɗewa yake gushewa ya bar wari. In ba ki samu daikon ba, farin radish na Indiyawa da ake kira muli ɗan gidansu ne, ƙananan jajayen radish ma in an fere su suna yi. In duk babu, citta kaɗai ta isa, kamar ƙwayar gyaɗa ga kowane kwano. Masu son yaji su huda daikon su cusa busasshen jan barkono su goga tare, Japanawa na kiran wannan momiji oroshi saboda launinsa na jan ganyen kaka.

Haɗin romo da daikon ya daɗe. Suya cikin ƙullin fulawa ta shiga Japan ta hannun Turawan Fotugal da suka riƙa zuwa Nagasaki a ƙarni na 16, amma a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, ta zama abincin talaka. Gari ne na gidajen katako da gobara ta sha cinyewa, don haka a rumfunan bakin titi ake suyar. Ana soya kifin gaɓar garin da man riɗi, a soke a tsinke, mai saye ya tsoma a romo ya ci a tsaye. Man riɗi mai nauyi ne, kifi kuma da ƙarni, dole a nemi abin da zai wanke baki. A yankin Kyoto da Osaka, inda aka fi soya kayan lambu da mai marar nauyi, gishiri kawai mutane da yawa ke barbaɗawa. Ni nakan ajiye duka biyun a tebur. Jatan lande da kifi da yalo, wanda ke shan mai, romo ya fi dacewa da su. Dankalin Hausa da kabewa, da zaƙinsu ya riga ya isa, gishiri ya fi fito da su.

Ki kai romon tebur da ɗumi, kamar shayin da ya huce daidai sha, kowa da ɗan kwanonsa. Romo mai sanyi yakan daskarar da man da ke jikin suyar, sai ki ji kitse a dasashi. Ki gama romon tukuna, ki goga daikon, sannan ki ɗora mai a wuta, don tempura ba ya jiran kowa. Wajen ci, a dangwala kashi ɗaya cikin uku a ɗaga nan take, yadda gefe ɗaya zai sha romo, ɗayan kuma ya ci gaba da ƙamas-ƙamas.

In romo ya ragu a tukunya, wanda ba a tsoma komai a ciki ba, zai yi kwana biyu zuwa uku a firji cikin kwalba mai murfi, matuƙar wuta na tsayawa. In ba ta tsayawa, ki yi daidai na ranar. Ragowar tempura da ya yi laushi kuwa, washegari ki ɗauki rabin kofi na romon, ki ƙara masa shoyu babban cokali ɗaya da sukari ƙaramin cokali biyu, ki dafa har ya ɗan yi kauri. Ki ɗumama tempuran a busasshen kasko, ki tsoma shi gaba ɗaya a ciki, ki jera a kan farar shinkafa mai zafi, ki yaryaɗa sauran romon a kai. Sunan wannan tendon, kuma a Tokyo akwai shagunan da shi kaɗai suke sayarwa.